Gansakukar Dutse da Maganar Taifot: Abin da Bincike Ya Gano a Kan Laiken

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata sakandare a Daura ya aiko mini da tambaya. Ya ce wani saƙo na yawo a wayoyin mutane, wai abin nan fari-fari ko kore-kore da ke manne wa jikin bishiya da dutse, wanda wasu ke kira gansakukar dutse, Turawa sun gano maganin ƙwayoyin cuta ne da ya fi na asibiti. Kawunsa mai fama da taifot da gyambon ciki har ya sa an kankaro masa, yana so a tafasa da jar kanwa ya sha. Shi ne yake son sanin ko da gaske an yi wannan bincike, ko a bar kawu ya sha, kuma ko akwai abin da ɗalibansa za su iya yi a kai.

Malam, binciken gaskiya ne, kuma ya haura shekara 150 ana yinsa. Amma ka roƙi kawu, cikin ladabi, ya dakata. Kada ya sha, balle ma da kanwa. Zan yi maka bayani da ɗan tsawo, tunda kai malami ne, kuma za ka buƙaci hujjar da za ka ba shi.

Wannan abin, da masana ke kira laiken, ba shi ne gansakukar da ke taruwa a gindin randa ko saman kududdufi ba, ko da yake akwai irinta a cikinsa. Halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Ɗaya dangin fumfuna ce da naman kaza, ita ke gina jikin, ta kama dutse ko ɓawon itace, ta riƙe danshi. Ɗayar kuwa ƙananan ƙwayoyin gansakuka ne da ke zaune a ciki, suna haɗa abinci da hasken rana, fumfunar na ci. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, kuma manyan masana na lokacin sun daɗe suna ƙaryata shi kafin gaskiyarsa ta fito. A 2016 wani mai bincike, Toby Spribille, da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin nau'o'i da yawa akwai na uku, wani irin yis da ke zaune a fatar waje. Yanzu an san nau'in laiken kusan 20,000 a duniya.

In kana so ka ga haɗin nan da idonka, ka nemi busasshe mai launin toka a jikin tsohon mangwaro ko tsamiya, ka ɗiga masa ruwa. Kafin ka gama alwala za ka ga launin ya juya ya yi kore. Fatar waje ce ta jiƙa ta yi garau, koren gansakukar da ke ƙarƙashi ya bayyana, kuma a daidai wannan lokacin ta koma aikin haɗa abinci bayan watanni tana a sandare. Wannan juriya ba ƙarama ba ce. A 2005 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta ɗora nau'i biyu a jikin wani kumbon Rasha, suka yi kusan mako biyu a sarari, babu iska, ga hasken rana mai ƙuna ba shamaki, aka dawo da su aka jiƙa, suka ci gaba da rayuwarsu.

Halittar da ba ta gudu, ba ta ɓuya, kuma girmanta a shekara bai wuce 'yan milimita ba, wata ma ba ta kai ɗaya, dole ta sami abin kare kai daga rana da ƙwari da dodon koɗi da bakteriya. Sinadarai ne makaminta. An gano fiye da 1,000, yawancinsu ba a samunsu a wata halitta. Fumfunar ce ke ƙera su, ta jibge su a bayan zaruruwanta kamar ƙananan duwatsun gishiri, kuma sukan kai daga kashi 0.1 zuwa kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen laiken. Wannan adadi mai yawa ne ga abin da aka yi shi don ya kashe ko ya kori wata halitta.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne asid ɗin usnik, mai launin ruwan ɗorawa, wanda wani Bajamushe mai suna Knop ya fara tacewa a 1844. Yana da yawa a dangin Usnea, masu reto daga rassan itace a wurare masu sanyi da raɓa, waɗanda tsofaffin likitocin Larabawa suka ambata a rubuce-rubucensu da sunan ushna. A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da fenisilin ya fito kowa na neman irinsa, Paul Burkholder da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada nau'o'in laiken da dama a kan bakteriya. Fiye da rabinsu sun hana wasu ƙwayoyin girma. Daga nan bincike ya kankama a Finlan da Jamus da Japan da Tarayyar Sobiyet, har aka yi man shafawa na miki da ƙuna daga wannan asid. An kuma ga yana taɓa ƙwayar tarin fuka a ɗakin gwaje-gwaje. To ka ga mai saƙon bai ƙirƙiro ƙarya daga sama ba, rabin labarin ya ɗauko ya bar rabi.

Abu na farko da ya bari ya shafi taifot kai tsaye. Ka san bakteriya kashi biyu ne bisa rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884: masu riƙe rinin da marasa riƙewa. Asid ɗin usnik yana da ƙarfi a kan masu riƙewa, irin su Staphylococcus mai kawo maruru da ruɓar miki. Marasa riƙewa suna da ƙarin fata ta waje da ke tare shi, don haka ba ya yi musu wani abin kirki. Ƙwayar taifot, Salmonella Typhi, tana cikin waɗannan. Wato ko a farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje, inda babu ciki babu jini babu hanta, wannan sinadari ba gwanin taifot ba ne. Game da gyambon ciki, an sami rahoton cewa wasu sinadaran laiken suna hana ƙwayar Helicobacter pylori girma a faranti, amma babu gwajin da aka yi a jikin mutane da ya nuna suna warkar da gyambo.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, kuma a nan gizo ke saƙa. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu 'yan gidaje da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci a mayar da shi ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Asid ɗin usnik yana raba ƙonawar da samar da ƙarfin. Kamar injin niƙa ne da bel ɗinsa ya zame: injin na ruri, mai na ƙonewa, ƙarfe na zafi, amma gari ba ya fita. Hanta ita ce ta farko da abin da aka sha ke isa gare ta daga hanji, kuma tana cike da waɗannan 'yan gidaje, don haka ita ke fara jin jiki. Wasu 'yan kasuwa a Amurka sun ga wannan ƙona mai a banza suka ce ai maganin rage ƙiba ya samu. Aka zuba gishirin asid ɗin, haɗe da wasu sinadarai, a wani magani mai suna LipoKinetix. A watan Nuwamba na 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina shansa, bayan an ga mutane, galibinsu matasa masu lafiya, suna zuwa asibiti da kumburin hanta. Likitoci a Los Angeles sun wallafa bayanin mutum bakwai a 2002. A 2004 kuma aka wallafa labarin wata mata 'yar shekara 28 da ta sha tsantsar asid ɗin na kusan mako biyu don ta rame, hantarta ta mutu, sai da aka yi mata dashen wata.

Dabbobi ma ba su tsira ba. A farkon 2004, a jihar Wyoming ta Amurka, wasu manyan barewa tsakanin 400 zuwa 500 suka durƙushe suka kasa tashi har suka mutu, bincike ya danganta abin da wani laiken na ƙasa da suka yi kiwo a kai, mai ɗauke da asid ɗin usnik. A arewacin Turai kuwa tun da daɗewa makiyaya suna cusa wani laiken mai launin rawaya, Letharia vulpina, a cikin mushe don kashe kyarkeci. Akwai kuma waɗanda abokin zaman fumfunarsu wata irin bakteriya ce mai launin shuɗi-kore, kuma a 2012 masu bincike daga Finlan sun nuna cewa da yawa a cikinsu suna ɗauke da gubar hanta da ake kira maikrosistin. Ido ba ya rarrabe wannan da wancan, ko masani sai ya yi awo.

Yanzu maganar kanwa, wadda ita ce ta sa na ce maka balle ma da ita. Yawancin asid ɗin laiken ba sa narkewa sosai a ruwa zalla. In an tafasa da ruwa kawai, kaɗan ne zai fito, mai sha ya sha ɗaci ba tare da wani amfani ba. Amma kanwa, kamar toka, kishiyar asid ce, tana mayar da shi gishiri mai narkewa, irin gishirin da aka zuba a wancan maganin rage ƙiba. Mutanen arewacin Turai da ke cin wani laiken a lokacin yunwa sun san da haka: sukan jiƙa shi a ruwan toka don ɗacin ya fita, su zubar da ruwan, su ci abin da ya rage. Abin da kawu ke shirin yi shi ne ya sha ruwan da su suke zubarwa. Ka ƙara da cewa binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su sani ba, ga farasitamol da ake sha ba lissafi in zazzaɓi ya zo. Hanta irin wannan ba ta buƙatar ƙarin kaya. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da ya dace da kawu shi ne asibiti. Gwajin Widal da aka saba yi yakan nuna taifot inda babu, don haka in da hali a yi masa awon da ake shuka jini a ga ƙwayar, a kuma duba maleriya. Gyambon ciki ma akwai gwajin ƙwayarsa, kuma in an same ta maganinta haɗin ƙwayoyi ne na kusan mako biyu. In kuwa ya riga ya sha, a sa ido: in idonsa ya fara yin rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko tashin zuciya da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a kai shi a duba hantarsa ba tare da jira ba, a kuma gaya wa likita abin da ya sha, kada a ɓoye.

Za ka kuma ji ana cewa yana maganin ciwon daji. Asalin wannan magana ita ma akwai ta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Emory ta Amurka sun nuna cewa pariyetin, sinadarin da ke ba wasu laiken launin lemo yana kare su daga rana, yana toshe wani aiki da ƙwayoyin sankarar jini ke dogara da shi, kuma ya rage girman ƙari a jikin ɓeraye. Aiki ne mai kyau. Amma tsakanin ɓera da ɗan Adam da sauran rina a kaba, kuma mafi yawan sinadaran da ke kashe ƙwayar daji a faranti ba sa kai wa ga zama magani, ko dai don suna kashe lafiyayyun ƙwayoyi tare, ko don jiki ba ya ɗaukarsu yadda ake so. Haka labarin yake ga rahotannin da ke cewa suna taɓa ƙwayar maleriya ko wasu bairos. Yau fiye da shekara 80 ke nan da aikin Burkholder, kuma babu maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko na allura a asibiti da aka samo daga laiken. Guba da rashin narkewa na cikin dalilai. Ɗayan dalilin shi ne jinkirin girma: fumfunar fenisilin takan cika tanki cikin kwanaki, laiken kuwa sai a shekara goma bai rufe tafin hannu ba, kuma in aka raba fumfunarsa aka shuka ta ita kaɗai, sau da yawa ba ta ƙera sinadaran da ake nema.

Ba na so ka fita da tunanin cewa abin banza ne, domin amfaninsa na gaske yana nan. Ana sa asid ɗin usnik kaɗan a wasu mayukan fata da man goge baki da maganin warin hammata, inda aikinsa a waje yake. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da wani laiken mai suna Cetraria islandica a matsayin maganin gargajiya na ƙaiƙayin maƙogwaro da busasshen tari, saboda yauƙin da ke cikinsa. Masu turare a Faransa sun daɗe suna amfani da wani da ke fitowa a jikin itacen oak don ƙamshi ya zauna, ko da yake a 2017 Tarayyar Turai ta haramta sinadarai biyu da ke cikinsa, atranol da kuloroatranol, saboda suna sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata. A Indiya da ƙasashen Larabawa ana jefa ɗan kaɗan na wani nau'in a girki, alhazai ma sukan gan shi a shagunan kayan yaji da sunan shaiba. Kai kanka kana riƙe da laiken a hannunka duk lokacin da ka koyar da asid: rinin takardar litmos daga dangin Roccella ake samo shi, masu fitowa a duwatsun bakin teku.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi faranta mini rai. Kusan duk abin da na lissafa a kan nau'o'in Turai da Amurka da Asiya aka yi shi. Namu na nan arewa, waɗanda ke jure wata bakwai ko takwas ba ruwa, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara, ba a yi musu aiki sosai ba. Dogayen Usnea sai wurare masu sanyi irin tsaunin Mambila. A ƙasar Daura mai jigawa abin da za ka fi samu shi ne masu manne kamar fenti a jikin tsofaffin itatuwa, sai ka gangara duwatsun Kazaure ko Dutsin-Ma, ko kudu wajen Malumfashi da Funtuwa inda damina ta fi nauyi, za ka ga sun ƙaru. A kan duwatsu masu zafi na Afirka ta Yamma an san dangin Peltula da yawa, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, kuma galibinsu ba su da waɗannan asid ɗin da ake magana a kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da aka kankaro wa kawu wataƙila ba shi da alaƙa da wanda aka gwada a Yale.

Akwai gwajin da ɗalibanka za su iya yi da kayan da ke kasuwa, kuma shi ne masana ke yi tun 1866, lokacin da William Nylander ɗan ƙasar Finlan ya ƙirƙiro shi. A sami laiken mai fala-falan kunnuwa, a ɗan kankare fatar sama da reza har farin cikin ya fito. A tsoma tsinken ashana a ruwan bilic na wanki a ɗiga a wurin. In ya yi ja nan take sannan jan ya gushe, alama ce ta asid ɗin lekanorik ko danginsa. A wani gefen, a ɗiga ruwan sodar da ake yin sabulu da ita, giram 10 a ruwa mililita 100, a kan fatar sama. In ta yi rawaya, atranorin ne. In laiken ɗin mai launin lemo ne, za ka ga ya koma shunayya, wannan pariyetin ke nan. Sodar tana ƙuna, don haka kai za ka haɗa ta da kanka, yara su sa safar hannu su kiyaye idanu. In kuna da asiton, a jiƙa ɗan guntu a ciki, a ɗiga a kan gilashi a bari ya bushe, a duba da madubin ƙara girma: za su ga sinadarin ya daskare siri-siri kamar allurai. Wani masani ɗan Japan, Yasuhiko Asahina, ya gina hanyar gane sinadarai da siffar wannan daskarewa a shekarun 1930.

Aiki na biyu shi ne na iska. Laiken ba shi da saiwa, daga iska da raɓa da ruwan sama yake shan komai, mai kyau da mugu, kuma ba ya zubar da ganye ya rabu da abin da ya sha. Nylander ɗin nan ya lura cewa sun ɓace daga wani lambu a tsakiyar birnin Paris saboda hayaƙi. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, laiken na ƙasashen Suwidin da Nowe ya tsotse gubar, barewar da ke kiwo a kansa ta ɗauka, har aka hana cin naman dubban dabbobi. A 1997 wasu masana a Italiya suka nuna cewa yankunan da laiken ya yi ƙaranci su ne kuma inda sankarar huhu ta fi kashe maza matasa, domin iska ɗaya ce ke cutar da duka biyun. Wannan ma wani dalili ne na ƙin shan wanda aka kankaro a bakin titi, inda ya tara ƙarafa masu guba shekara da shekaru. Ɗalibai za su iya zaɓar itace iri ɗaya, a ce tsamiya ko darbejiya, su ƙirga yawan laiken a tsayi ɗaya a jikin waɗanda ke kusa da tasha da hanyar Kano, su kwatanta da na ƙauyen da mota ba ta cika shiga ba.

In akwai wanda ya wuce jami'a a cikinsu, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ya so ya ɗora, ga abin da nake gaya wa nawa ɗalibai. A fara da sanin sunan abin da aka ɗebo, a ajiye samfuri a ma'ajiyar tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, domin sakamakon da ba a san nau'insa ba babu mai iya maimaita shi. Kada a tsaya ga auna faɗin da'irar da ta fito a faranti inda ƙwayar cutar ta kasa girma, tunda waɗannan sinadarai ba sa yaɗuwa sosai a cikinsa, a nemi mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar girma, a jera shi da sanannen magani. A kuma gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyin halitta, musamman na hanta, kafin a rubuta kalmar magani a ko'ina. Wajen ɗiba, a tsaya inda ake da tsaro, a yanki ɗan kaɗan a bar sauran a jikin dutsen, a zuba a ambulan takarda maimakon leda don kada ya ruɓe, a rubuta rana da wuri da irin itacen ko dutsen da aka same shi a kai.